Sunanka Aminu? Ga yadda za ka zauna da takwarorinka

Abu na farko, kada ka riƙa saurin waiwayawa. In ka shiga Kantin Kwari aka ƙwala kira "Aminu!", ka dake, ka ci gaba da tafiyarka. Mai son ba ka kuɗi zai biyo ka har ya dafa kafaɗarka. Mai bin bashi kuwa, kafin ya sake kira wasu sun riga sun amsa.

Daga nan sai ka san manyan takwarorinka, domin duk wanda ya ji sunanka akwai Aminun da zai faɗo masa a rai, kuma da shi zai auna ka. Dattijon da ya ga zamanin NEPU da PRP, da ka gabatar da kanka zai gyara zama ya ce, "Sunan Malam gare ka, yaro." Malam Aminu Kano yake nufi, malamin makarantar da ya koyar a Bauci da Maru, ya ajiye alli ya shiga gwagwarmayar talakawa har ya rasu a 1983. A gaban irin wannan dattijo ka rage ƙarar waya, ka tattara babbar rigarka, kada ka kuskura ka yabi wani mai mulki. Ka kuma sani, filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa suna ɗauke da sunan, amma ba a yi wa takwara rangwame a ko ɗaya.

Ɗan kasuwa kuma Alhaji Aminu Ɗantata zai tuna, attajirin da ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina. Zai dubi takalminka, ya dubi agogonka, ya yi maka addu'ar Allah ya sa ka gaji mai sunan. Ka amsa da ƙarfi. A gidan biki za a ce ka ɗan rera, tunda Aminu Ala ya yi suna da waƙa. Masu kallon Labarina za su tambaye ka yadda shirin zai ƙare, kamar kai ne Aminu Saira. Samarin majalisa kuma su ɓoye karta, don Malam Aminu Daurawa na Hisba ya faɗo musu. Ka ba kowa haƙuri cikin fara'a.

In siyasa za ka shiga, ka shirya wa ruɗani na musamman. Aminu Bello Masari ya yi kakakin Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007, Aminu Waziri Tambuwal ya hau kujerar daga 2011 zuwa 2015, kuma a 2015 ɗin dukansu suka zama gwamnoni, ɗaya a Katsina ɗaya a Sakkwato. Wanda ya ce maka "tsohon kakaki Aminu da ya zama gwamna" bai gama magana ba, ka jira ya faɗi garin.

Maganin kenan ma, wato laƙabi. Magabata sun jingina sunansu da garinsu, shi ya ba mu Shagari da Gumi da Rimi da Kwankwaso. Wasu sana'arsu ta raba musu gardama, ga Aminu Tela, ga Aminu Mai Shayi. Shawarata ka yi maza ka zaɓi naka tun kana da iko. In ka yi sanya, 'yan unguwa za su zaɓa maka, kuma su tsawo suke dubawa, ko girman kai, ko wata faɗuwa da ka taɓa yi a kan babur, sannan ba su karɓar ƙorafi.

Ran da abin ya dame ka, ka tuna masu suna Muhammadu. Sun yi yawa har gida ɗaya ake bin su da lamba: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu. A Nijar, Mahamane Ousmane da Mamadou Tandja da Mahamadou Issoufou da Mohamed Bazoum duk sun yi shugabancin ƙasa da suna guda, rubutun ne kawai ya bambanta. Ba su kaɗai ke fama da takwara ba: a Nijeriya, a 1993 Janar Ibrahim Babangida ya sauka daga mulki, a shekarar ce wani matashi Ibrahim Babangida, ƙanin Tijjani Babangida, ya ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan tare da 'yan wasan Nijeriya. Ya rasu a hatsarin mota a 2024, Allah ya jiƙansa.

Saura batun takardu, kuma wannan ka riƙe shi da gaske. Yadda aka rubuta sunanka a NIN, haka ya kasance a BVN da takardun makaranta, harafi da harafi, da sunan mahaifi a inda ya kamata. Kai kuma mai tura wa Aminu kuɗi, ka karanta sunan da ya fito a waya har ƙarshe kafin ka danna.