Yadda Ake Tashen Marayu a Adar a Dawo da Fatar Haɓa

Duk wanda ya taɓa liƙa gemun auduga a daren azumi ya san inda zancen nan ya dosa, don haka ba zan tsaya koya wa kowa yadda ake cusa tsumma a riga a yi tumbi ba, ko yadda ake huda gwangwani a rataya a wuya. Wannan tun kafin a kai mu lakwal muka gama da shi. Abin da ba a koya mana ba shi ne yadda magidanta da samari masu gemun gaske za su ɗauki wasan yara su mai da shi hanyar tara kuɗin ɗinkin Sallah na marayu, su bi fada bayan fada, wato majalisun hira, daga Bambeye har cikin Tawa. Mun yi a azumin da ya wuce. Marayu sun sa sababbin kaya, alhamdu lillahi, mu kuma mun ji jiki.

Na ɗaya, gemu. Kada ka yarda da ƙaro. A haɓar yaro ɗan shekara takwas ƙaro ba ya da laifi, ruwa kaɗan ya wanke shi. A haɓar namiji mai gashi kuwa, idan ya bushe ya haɗu da gumi da ƙura, cire shi kafin sahur kamar fiɗar akuya ne. Ka ɗinka audugar a kan ƙyalle, ka ɗaure ta bayan kunne da tsirin robar taya. Sannan ka riƙa tuna abu biyu da ke son auduga a ƙasar nan: ƙarangiya da wuta. Ƙarangiya za ta same ka ko ta ina ka bi. Wuta kuwa tana jiranka a murhun mai shayi, ranar da ka sunkuya gaisuwa.

Ba mu kaɗai ke fama da farin gemu ba. A Amurka akwai abin da suke kira SantaCon, wanda aka fara a San Faransisko a 1994. Kowane Disamba dubban mutane a birnin Niyok kan sa jajayen kaya da gemun tsohon Kirsimeti, su bi mashaya bayan mashaya, a kuma karɓi kuɗi a hannunsu da sunan agaji. Su giya ke kayar da su, mu shayi. Zan dawo kansu idan mun zo maganar lissafi.

Na biyu, lokaci da hanya. Tashe yana farawa ne goma ga wata, bayan an fito asham. Daga ashirin kuwa mutane sun koma tahajjud, ba mai kallon tsoho da sanda. Ke nan kwana goma ne jarinka duka. A ƙidayar 2012 gundumar Bambeye ta haura mutum 100,000, amma je ka ƙidaya majiya ƙarfi a cikin rani. Suna Abijan, suna Legas, suna Libiya da Aljeriya. Azumi yana ja baya da kwana 11 ko kusa da haka kowace shekara, a 2024 da 2025 duk a Maris ya faɗo, wato daidai lokacin da masu aljihu suke can wajen bida. Waɗanda suka rage a ƙauyuka tsofaffi ne da mata da yara.

Matan nan su ne suka fi kowa bayarwa, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai ba kuɗi suke bayarwa ba, tsaba ce. Wannan ta fito da ƙoƙon hatsi, waccan da wake, ta gaba da dawa, wata tsohuwa da kuɓewa busasshiya, kuma a cikin duhu duk buhu ɗaya suke zubawa. Washegari ka kai kasuwa, mai awo ya tura hannu ya ɗebo ya duba, ya ce, "Malam, wannan wace tsaba ce?" Ba mai sayen tiyar da ba a san sunanta ba sai da rabin kuɗi. Ku tafi da buhu uku, ku ba mutum uku, kada mai wake ya matso kusa da mai hatsi. Ku kuma sa takalmi rufaffe, don Adar ƙasar dutse ce, kunama kuma ba ta san ana aikin lada ba.

Na uku, shayi, kuma a nan ne tafiya take mutuwa. Dole ku shiga Tawa, don can kuɗin suke, daga Bilbis zuwa Wadata da Sabon Gari har wajen ɗaliban jami'a. Kowace fada tana da mai dafa shayinta, kuma kowane mai dafa shayi ya yi imani cewa wanda ya sha na fari ya tashi bai jira na biyu da na uku ba ya ci mutuncin gidansu. Kun iso, kun yi tsoho, kun yi Jatau mai magani, an yi dariya har da riƙe ciki. Sai a ce, "Haba Baba tsoho, ka zamna ka sha ko na hwari." Ka duba murhu, gawayi bai ma kama ba. Sai an yi fifita. Sai an aiki yaro sayen sikari, yaron ya tsaya kallon ƙwallo a shagon caji. Sai an yi ta ɗaga buta sama ana tsiyayawa ana mayarwa har kumfa ta kai yadda maigidan yake so, shi kuwa bai taɓa ganin kumfar da ta ishe shi ba. Kafin na uku ya sauka, fadodin da ke gaba sun naɗe tabarmi. Ga shi ka zuba ɗacin na fari a kan hura da kunu da ƙosai, ido ya bushe har kiran assalatu, gobe kuma ga azumi a ranar da ke haura digiri 40. Magani guda ne na gani yana aiki: gwangwani ya zaga kafin kowa ya zauna, sannan ku zo da mutanen da aikinsu shan shayi kawai, ku riƙa barin ɗaya jingina a kowace fada kuna wucewa.

Na huɗu zai zama maganar karnuka, amma ku bar karnuka, kare bai taɓa yi wa maraya alkawari ba. Mu yi maganar mai waya. A kowace fada akwai shi. Tun kuna nesa ya miƙe ya kunna fitilar salula a idonku, ya bi ku gaba da baya, ya ce a sake rawar don bai ɗauko farkonta ba. An sake. Gwangwani ya iso gabansa, sai ya shafa aljihu da hannun da ba ya riƙe da waya, ya ce wallahi yanzun nan ya sa kati. Kafin ku kai gida hotonku ya isa Abijan, mutum ɗari sun yi dariya, maraya bai samu ko dala ba. Ƙaninsa shi ne mai jika goma. Wannan zai zaro takardar sabuwa fil, ya ɗaga ta kowa ya gani, ya ce, "Kuna da canji? Dala ashirin zan ba da." Ya san sarai babu canjin jika goma a gwangwanin tumatir. Ku riƙe canjin. Ku roƙi mai kanti ya ranta muku tun da rana, don ranar da kuka ƙirgo wa irin wannan mutum canjinsa cif a gaban fada, kunya takan sa ya bar jika guda.

Sai kuma yayyenmu na bakin teku. Su ne ƙashin bayan Adar, da guminsu ake sayen hatsi idan rumbu ya ƙare, ba na raina su. Amma saƙon murya na WhatsApp ba ya ɗinka riga. "Ƙanena, ku rubuta ni marayu biyar, gobe in sha Allahu zan aiko." Kada ka rubuta. Ka yi godiya, ka yi addu'a, ka jira lambar karɓar kuɗi ta shigo, sannan ka ɗauko alƙalami. Yaro biyar da aka auna aka ce musu an yi, su ne za su tsaya a ƙofar gidanka ranar jajibere.

Za ka gamu da mai cewa wannan shirme ne, girma ya faɗi. Kada ka yi musu da shi kana sanye da tumbin tsumma, ba za ka ci nasara ba. Ka dai riƙe a ranka cewa tashe ya girme shi. M. B. Umar ya tattara wasanninsa a littafi tun 1981. A Kano akwai Nalako, sarkin gwagware, da ake jin gangarsa har fadar sarki. Fatake Hausawa ne suka kai wasan dodo Wagadugu, yaran Mosi suna yin sa cikin azumi har yau. A Damagaram manya ne ke wasan kara, su yi shigar gwamna da soja, ba wanda ya ce girmansu ya faɗi. Abin da ke kashe tashe daban ne. A 'yan shekarun nan 'yan sandan Kano sun sha hana shi saboda 'yan daba da ke fakewa da shi suna ƙwacen waya. Don haka ka gaida maigari da liman kafin ka fara, a Tawa ka sanar da mai unguwa, kada a rufe fuska ruf, kada kowa ya riƙe abin da ya wuce sandar kara. Tashen gwauro kuma ku bar shi a gida. Ba a tsokanar mutum sannan a miƙa masa gwangwani.

Na nawa muke? Ku bar lambar, ga wadda ta fi su duka. A 2023 jaridar Gothamist ta Niyok ta bi diddigin kuɗin masu jajayen kayan can, ta gano abin da ya isa hannun ƙungiyoyin agaji bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka tara ba. Kuɗin dariya saurin narkewa gare su, kowa yana ganin ai wasa ne. A daren da aka tara a daren za a juye gwangwani gaban liman ko wani dattijo, a ƙirga, a rubuta, a faɗa wa jama'a bayan sallar asuba. Man babur da ƙanƙarar buɗa-baki daga aljihunku. Dala ɗaya ta maraya ba ta shiga cikin mai.

Duk wannan wahala da sauƙi a kan tela. Ku lissafa da ni: tashe goma ga wata, tela kuwa tun tsakiyar azumi ya daina karɓar ɗinki. Kafin ka sai da tsaba ka yanko yadi, shagonsa ya cika har rufi. Zai karɓa don kunya, ya ce, "Ai na marayu ne, su zan fara." Ba su zai fara ba. Shaddar Alhaji mai aikin wuya ita ce a kan keke, don ita ke biyan haya, kayan yaran kuma suna can ƙarƙashin tari. Ka dawo ya ce an ɗauke wuta. Ka sake dawowa ya ce yaron shago ya gudu. Wallahi wannan ba abin dariya ba ne. Alhaji yana da riga goma a akwati, in tasa ta makara zai sa wata. Yaron da ubansa ya rasu wannan guda ce tasa, an auna shi, ya gaya wa abokansa kalarta. Mun karɓi na ƙarshe ana kabbarar tafiya idi, babu maɓalli.

Saboda haka a juya abin. Tun Sha'aban a je wurin mai yadi a karɓo bashi da shaidar dattawa, a auna yara, a kai wa tela mai keken ƙafa kafin a ga wata, lokacin da yake zaune yana korar ƙuda. In goma ga azumi ta yi, a ɗaura gemu a fita biyan bashi. Kai kuma da ke zaune a fada, idan ka ji gwangwani ya doso, ka aje waya, ka tanadi dala ashirin ɗinka a hannu, kuma don Allah kada ka ɗora buta.