Bindigar Noti Ta Shigo Garinmu

Sau uku tayar motata ta yi faci bara. Ku riƙe wannan lissafi, don uwargida ta riƙe shi, kuma za ta fito da shi a gaba.

Motar tsohuwar Golf ce 'yar Kwatano, mai noti huɗu a kowace ƙafa. Ba ta fita sai ranar Lahadi kasuwar Dambatta, ko Juma'a kasuwar Bichi, ko in naƙuda ta tashi a maƙwabta cikin dare. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kaji sun fi ni morarta, don su ke shan inuwa a ƙarƙashinta.

Facin na uku shi ya ja mini komai. Na ɗauko wake buhu biyu, taya ta sace a kan hanyar burji. Na kafa jak, na sa sifana, noti ya ce bai san zancen ba. Na taka da ƙafa ɗaya, na hau da biyu, na yi tsalle. Sifana ta zame, sai ga ni zaune a cikin kunyar gyaɗar mutane, hula a gefe, 'yan mata masu tallar fura suna ta "Sannu Baba" da muryar da ta fi dariya ciwo. Da daddare ɗan yayana ya nuna mini wani Bature a waya, riƙe da wani abu kamar bindiga. Ya ɗora a kan noti, abin ya yi tarrr, noti ya faɗo. Ko gumi bai yi ba. A daren na yanke shawarar cewa ni da faɗuwa a gonar gyaɗa har abada.

Kuskurena na farko, na kai maganar majalisa.

Kafin mai shayi ya gama soya ƙwai, majalisa ta rabu biyu. Kawu, wanda abin hawansa tun ina yaro jaki ne, shi ya jagoranci 'yan gangariya. "Kai yaro," in ji shi (jikokina biyu), "sayen nagari mai da kuɗi gida. In ba Makita ta Japan ba, to Bosch ta Jamus. Kada ka kwaso mana tarkace." Wannan "mana" ɗin ya kamata in tsaya in yi masa tunani, ban yi ba. Ɓangaren 'yan araha kuwa wani malamin firamare ne ya riƙe shi, ya ce duk ruɗu ne, manyan kamfanonin ma suna da masana'antu a China, suna kawai ake sayar wa mutane. A nan bai yi ƙarya ba. Aka yi ta musu har aka kira isha'i. A cikin mutum goma sha ɗaya da ke zaune a wurin, ni kaɗai ke da mota, ni kaɗai ne kuma ba a tambayi ra'ayina ba.

Na shiga Kano. Na zaga Ƙofar Ruwa, na leƙa Sabon Gari, daga ƙarshe na tsaya a wani shago da ba zan faɗi inda yake ba. Mai shagon ya dubi takalmina, ya kira ni Alhaji. Ya ce kaya aji uku ne: akwai orijina, akwai mai bi masa, akwai kuma "wanda jama'a suka fi saye". Orijina kuɗin rago ne mai ƙaho. Na jama'a kuɗin ɗan akuya ne, launinsu ɗaya, sunan ma harafi ɗaya kawai aka sauya. A jikin kwalin an rubuta ƙarfin murɗawarsa ya kai Nm 1000, alhali notin Golf wajen 120 yake buƙata. A jikin batirin kuma an buga 128V da manyan baƙaƙe. Na ce a raina, wannan ai ko notin tirela sai ya ba shi haƙuri. Na biya, aka ƙara mini safar hannu kyauta.

Daga baya yaron da ke gyaran fitila a garinmu ya buɗe batirin. Ƙwayoyi biyar ne a ciki, kowace volt 3.6, jimla 18, in ya cika maƙil ya taɓa 21. Na ce ina sauran 107? Ya ce suna jikin kwali.

Ranar gwaji kamar ranar suna. Yara a kan katanga, Kawu a kan tabarmarsa, mata suna leƙe ta zana. Yadda injin ke aiki, akwai 'yar guduma a cikinsa da ke dukan bakin a jere, dukan ne ke girgiza noti har ya saki, shi ne kuma wannan ƙara. Na ɗora, na danna. Ƙara kam ya yi, har awaki suka tsinke igiya. Noti bai motsa ba. Abin da na manta, mai facin bakin titi ne ya ɗaure shi, shi kuwa ɗaurinsa sai ya zura sifana cikin dogon bututun ƙarfe, yaronsa ya yi lilo a kai. Injin ya ɗau zafi, ya fara warin ƙonanniyar roba. Kawu bai ce komai ba, goronsa kawai ya ɓare, wanda ya fi magana zafi. Na ce batiri ne bai cika ba, a dawo gobe.

Allah ya yafe mini. Cikin dare na fito da tocila da taɓarya, na sassauta notin huɗu da hannuna, na mai da su a hankali. Da safe jama'a suka taru, na danna, noti ya faɗo kamar na Baturen waya. Yara suka yi shewa, suka raɗa masa bindigar noti. Ban san ramin kaina na haƙa ba.

Wanda bai zauna a ƙasarmu ba ba zai gane ba. A nan arewacin Kano babu daji tsakanin gari da gari. Gida ne, gona, gawo, kuka, sai wani gida. In ka yi tari a zaurenka, daga unguwa ta gaba za a aiko maka da sannu. Kafin azahar yaro na farko ya yi sallama: "Wai in ji Baba, a ba shi bindiga." Kuma ka san ka'idar aro a wurinmu, babba ba ya zuwa da kansa, yaro yake turowa, don ba ka da fuskar da za ka yi wa yaro bayani. Injin ya je bakin madatsar Thomas ya kwance injin ban-ruwa. Ya yi aikin injin niƙa. Ya gyara amalanken shanu. Ya je jeren amarya ya ɗaura gado, inda ya tsinke ƙusa biyu ya tsaga katako. Mako na uku aka dawo da shi a buhun taki, ba ya ko numfashi.

Wanda ya mutu a hannunsa ya zo da kansa, amma ba ban haƙuri ya kawo shi ba. "Haba Malam, araha ai ba ta ado. Ka sa na yi asarar yini guda." Ni na ba shi haƙuri. Majalisa ta ce Allah ya mai da alheri, Kawu ya ce ai ya faɗa.

Zuciya ta ɗebe ni, na sai da ragon da na turke don layya, na koma Kano na ɗauko gangariya. Wannan karon na ce ba mai ji. Na shigo da shi bayan magariba, na tura ƙarƙashin gadon uwargida. Sai dai batiri na son caji, wuta kuwa a garinmu baƙuwa ce, dole sai shagon mai cajin waya, inda labari ke riga waya cika. Washegari yaro ya yi sallama.

A nan na gano abin da majalisa ba ta tattauna ba. Mai araha yana dawowa gida, ko da gawarsa ce. Gangariya ba ya lalacewa, saboda haka ba shi da dalilin dawowa. Daga hannu sai hannu. Ƙarfinsa ma ya zama wata fitinar. Wani direban Sharon ya ɗaure tayarsa da shi har ƙusa ta karye a ciki. Wani ya sa masa soket mai ƙyalli irin ta hannu, maimakon baƙar da aka yi don duka, ta fashe ta kusa cire masa ido. Mai faci, wanda na zata na kashe masa kasuwa, ya tare ni yana murmushi. "Alhaji, Allah ya saka. Tun da ka kawo abin nan aiki bai yanke mini ba." Shi ne ya koya mini cewa injin na kwancewa ne, in za a ɗaure a fara da yatsa, a ƙarasa da sifana. Na ce ya gaya wa masu aro. Ya ce shi ma yana da iyali.

Uwargida ta jira na gama cin tuwo, sannan ta fito da lissafinta. "Malam, faci uku a shekara, noti hurhuɗu, goma sha biyu ke nan. Akuya da rago a kan noti goma sha biyu. Da kuɗin faci ka riƙa bayarwa, da har jikokinmu ba su cinye ragon nan ba." Na ce mata harkar inji ba ta mata ba ce. Ta ce haka ne, ta tambaye ni ina injin yake. Na ce a miƙo mini ruwa.

Makon jiya taya ta sake sacewa, a ƙofar gida ma. Na tafi biɗar kayana a ƙasa. Maƙwabcina ya ce yana wurin surukinsa. Surukin ya ce mai injin niƙa ya karɓa. Mai injin niƙa ya nuna mini wani ƙauye da ake hango rumbunansa bayan gonakin dawa. Na isa da la'asar, na yi sallama a zaure, ina jiyo tarrr daga cikin gida. Yaro ya shiga, ya daɗe, ya fito.

"Baba ya ce ka yi haƙuri, ba nasa ba ne. Na wani mai Golf ne, kuma an ce ba ya son ana ba da aronsa."

Na ce ya gaishe da Baban. A hanyar dawowa na biya bakin titi, mai faci ya saɓo bututunsa, yaronsa na biye da mu yana naɗe hannun riga.