Rawar Ido a Ƙofar Kabuga

A da, in ido ya kama rawa a Ƙofar Kabuga, fassara ɗaya ce: za a ga wanda aka daɗe ba a gani ba. Yanzu ɗaliban Jami'ar Bayero sun samo sabuwar fatawa a waya: wai magnesiyam ne ya yi ƙaranci.

Sai a garzaya kemis a sayo ƙwayoyi, a haɗa da gishirin Epsom, mai sunan wani gari a Ingila, a tsoma ƙafa a baho. Iya kuwa ruwan ɗumi da kanwa ta sani, ko da yake sodiyam ne ya cika kanwa.

Baligi na buƙatar miligiram 310 zuwa 420 na magnesiyam a rana, kuma gero, wake, gyaɗa da riɗi duk suna ɗauke da shi. Ƙwayar in ta yi yawa gudawa take sawa, mai ciwon ƙoda kuma sai da izinin likita.

Game da rawar ido kuwa, likitoci sun fi zargin rashin barci da yawan shan kofi ko shayi. Mai shayin titin Gwarzo ya ji wannan bayani, ya ƙara ganye a buta.