Yadda Ake Zaɓen Tafintar Waifai Don Kwalekwale a Dam ɗin Tomas

Na'urar da ake magana a kanta ɗan akwati ne da bai kai sabulun wanki girma ba. Aikinta guda ne: ta karɓi labari daga na'urorin jirgin ruwa, wato zurfin ruwa, gudun jirgi, inda yake da inda ya dosa, ta watsa shi ta waifai zuwa kwamfutar hannu ko waya. Tafinta ce ke nan tsakanin jirgi da allo. Bambancinta da tafintan zamanin Turawa shi ne ba ta ƙara gishiri. Abin da aka gaya mata shi take faɗa, in kuwa ba a gaya mata komai ba sai ta yi gum, fitilarta na ƙifta ido.

An ƙera ta ne don masu jiragen shaƙatawa a tekun Turai da Amurka. A ƙasar Ɗambatta ruwan da ake da shi shi ne Dam ɗin Tomas, wanda aka gina a shekarun 1970, jiragen da ke kansa kuma kwalekwalen masunta ne. Wannan bai hana wani malami, mai kwalekwale ɗaya da yara biyu da ke yi masa su, ya sayi na'urar a bara ba. A kan abin da ya same shi aka gina bayanin da ke tafe. An ɗauka mai karatu ya riga ya biya kuɗi, ya jira mako shida, kayan sun iso, ya buɗe kwali ya tarar da takardar bayani cikin harsuna bakwai babu na garinsu. Ba za a tsaya kan wannan ba.

Na farko, a san yaren da na'urorin jirgin ke yi. Yare biyu ne suka fi yawa, dukansu daga wata ƙungiyar masu kayan lantarkin jirgi ta Amurka da ake taƙaita sunanta NMEA. Tsohon shi ne NMEA 0183, wanda ya fito a 1983. Yana tafiya ta siraran wayoyi, da saurin 4800 a ma'auninsu, na'ura ɗaya na magana sauran na saurare, kamar wa'azin bayan la'asar. Sabon shi ne NMEA 2000, mai saurin kilobit 250 a daƙiƙa, inda kowace na'ura ke rataye a jikin waya ɗaya mai kauri, aka toshe kowane ƙarshe da marfi mai om 120. In an manta marfi ɗaya, hira na iya watsewa. Tafintar da ke jin wancan yaren ba lallai ta ji wannan ba, mai jin duka biyun kuma ta fi tsada. Saboda haka kafin a saya sai a juya na'urar auna zurfi a duba bayanta a ga wace irin kafa ce da ita.

Malamin bai duba ba. Na'urarsa ta gano kifi, wadda ƙaninsa ya aiko masa daga waje, kafa biyu ce da ita, ɗaya ta wuta ɗaya ta idon da ake nutsawa cikin ruwa. Ba ta yin ko ɗaya daga yarukan nan. Bebiya ce. Ya sayo wa bebiya tafinta, sai da ya sake sayen wata na'urar don tafintar ta sami wanda za ta yi wa aiki. Masu irin wannan ciniki su ne ake ce wa sun sayi linzami kafin doki, sai dai shi malamin ya ƙara da sayen dokin don kada linzami ya lalace.

Na biyu, launin wayoyi. Masu ƙera na'urorin NMEA 0183 ba duka suke zama a tabarma ɗaya a kan launi ba. Ruwan ɗorawa a wajen wannan kamfani baki ne, a wajen wancan kunne ne. Ƙa'idar ita ce bakin wannan ya haɗu da kunnen wancan, ba baki da baki ba. Idan an haɗa daidai, allo zai cika da layuka masu farawa da alamar dala, irin su $GPRMC mai faɗin wuri da gudu da $SDDBT mai faɗin zurfi. Idan an ga wasu haruffa kamar kaza ta taka tawada, saurin ne bai zo ɗaya ba. Idan ba a ga komai ba, a sake juya wayoyin. Idan an ji ƙauri, a wuce shawara ta gaba.

Na uku, wuta. Na'urar na son bolt 12. Kwalekwale ba shi da batir, abin da ke tura shi dantse ne da gora. Hanyar da aka fi bi ita ce aron batirin babur, wanda ke zuwa da sharaɗin mai babur. Mai hali ya haɗa da ƙaramar sola da fis. Ita tafintar ba ta da ci, amma na'urar auna zurfi na ci, kwamfutar hannu na ci, wayoyin yaran su kuma, da zarar sun ga batir, sai su tuna duk cajinsu ya ƙare.

Na huɗu shi ne lambar sirri, kuma a nan ya kamata a zauna sosai. A Ɗambatta, kamar ko'ina daga nan har Kazaure, kalmar waifai ma'ana ɗaya gare ta: data kyauta. Ita kuwa wannan na'ura ba ta da layi, ba a sa mata kati, ba ta san intanet ba, intanet bai san ta ba. Waifai ɗinta zurfin ruwa kawai yake ɗauke da shi. Babu wanda ya yarda da wannan bayani. Ranar da malamin ya kunna ta a zaurensa don gwaji, kafin a kira magariba samarin unguwa sun jeru a jikin katanga kowa ya sunkuyar da kai kan waya. Ɗan yayarsa ya leƙo ya ce, “Kawu, don Allah lambar.” Ya ce ba ta yin intanet. Yaron ya ce, “To Kawu a ba ni in gwada.” Aka ba shi. Ya gwada, ba ta yi ba, ya fita ya shaida wa jama'a cewa Kawu ya ba da lambar bogi. Washegari maƙwabci, dattijo mai furfura, ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, “Malam, ashe abin duniya ya kai a hana yara iska?” Har uwargida ta daina yi masa magana na yini guda, don a ganinta wata yake ɓoye wa datar. Mutum ya kashe kuɗin buhun taki da yawa, bai ga kifi ko ɗaya a allo ba, ga shi an sa masa suna marowaci a unguwar da aka haife shi. Wannan ba abin dariya ba ne. Shekara ashirin yana ba da aron injin ban ruwa ba ya karɓar ko sisi, babu wanda ya tuna. Akwatin da bai kai sabulu ba ya shafe duka a dare ɗaya.

Shawarar da ke nan ita ce a sayi na'urar da ke bari a ɓoye sunan waifai ɗinta. Sauran bayanin lambar sirri an bar shi.

Su ma wayoyin ra'ayinsu ɗaya da samarin unguwa. Wayar Android in ta shiga waifai ta ga babu intanet, sai ta yi fushi ta koma kan datar layinta ba sallama, allon ya daskare a kan zurfin da aka wuce tun ɗazu. Maganin shi ne a kashe datar, ko a danna mata cewa ta zauna a haka. Sannan a faɗa wa manhaja ƙofar da za ta saurara. Lambar da aka ware wa wannan aiki 10110 ce, wasu kamfanoni kuma suna amfani da 2000 ko wata daban don kada rayuwa ta yi sauƙi. Hanyar aikawa biyu ce. TCP kamar raɗa ce, mutum da mutum, kuma yawancin na'urorin ba sa ɗaukar masu saurare da yawa ta nan. UDP kamar sanƙira ce, ta yi shela mai kunne ya ji. Mai kwamfuta fiye da ɗaya ya zaɓi sanƙira.

Na shida, ko na biyar, ita kanta kwamfutar hannun. iPad ɗin da ba ya ɗaukar layi ba shi da GPS a cikinsa, wannan ma na daga dalilan da suka sa aka ƙirƙiro tafintar. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da shi a zafin da bai wuce 35 ba. A watan Afrilu ƙasar Kano na haura 40, a tsakiyar dam kuma babu inuwar ko kargo. Da hantsi allon zai rubuta cewa ya ji zafi zai huta, masunta kuwa su ci gaba da jan taru. A nemi tafinta mai alamar IP67, wadda ke jure ƙura da faɗawa ruwa na ɗan lokaci. In ba a samu ba, robar fenti mai murfi ta wadatar, kuma ita aka yi amfani da ita.

Wasu na'urorin na zuwa da AIS, tsarin da manyan jiragen teku ke sanar da juna inda suke don kada su yi karo, mai tafiya da saurin 38400. Dole ne ga jirgin da ya kai tan 300 mai ƙetare ƙasashe. Abin da ake karo da shi a Tomas shanun da suka zo shan ruwa ne da kututturen da ruwa ya rufe, babu kuma wanda ke aiko da sanarwa a cikinsu. Kada a ƙara ko kwabo a kan wannan.

Batun taswira gajere ne. Manhajoji irin su Navionics da OpenCPN an yi su ne don ruwan da aka auna aka zana. A allon malamin dam ɗin ya fito shuɗin tabo, babu lambar zurfi ko ɗaya. Ko da an zana, zurfin watan Satumba ba shi ne na watan Mayu ba, bayan masu noman rani sun ja nasu, rana ta sha nata. Wani tsohon masunci ya kalli allon da ke cewa mita 2.1, ya soka gorarsa ya zaro, ya nuna inda ta jiƙe ya ce, “Malam, ai ga shi nan.” Ya ƙara da cewa ƙasan wurin laka ce kuma tarwaɗa na kwana a gefen hagu, abin da na'urar ba ta ambata ba.

Sai nisan zango, wanda ya kamata a ce shi ne na farko. Ainihin abin da ya kai malamin ga wannan ciniki zargi ne: yana jin yaransa na sauke karfasa a wancan gaɓar su sayar kafin su iso wannan. Burinsa ya zauna a zaure a cikin gari, da shayi a gefe, yana kallon kwalekwalen a allo. Waifai kuwa tafiyarsa 'yan taku ce. Kwalekwale na barin gaɓa da jifan dutse biyu, allo ya ce babu kowa. Mai son ganin jirgi daga gida wata na'ura yake nema daban, mai layi, irin wadda ake sa wa motocin haya. Ita tafinta sai mai kallo na cikin jirgin take aiki, shi kuwa wanda ke cikin jirgi ba ya bukatar a gaya masa inda jirgin yake. Malamin ya shiga sau biyu. Bai iya ruwa ba, ya yi tafiyar duka hannunsa ɗaya a gefen kwalekwale ɗaya a robar fenti, bai kalli allon ba sai da aka dawo.

Ajiya ita ce ta ƙarshe. A cire fis bayan an gama, domin na'urar ba ta da makunni, za ta kwana tana yi wa kwaɗi shela har batir ya mutu. A goge ta, a naɗe wayoyin kowace da takardar da ke faɗin baki ce ko kunne. A lokacin hunturu a sa ta cikin leda saboda ƙura. Wanda ya yi niyyar sayarwa kada ya kai ta kasuwar Lahadi, an gwada. Mutum uku suka taya, dukansu tambayarsu ɗaya, giga nawa ke ciki. Batirin kuma a mayar wa mai babur kafin isha'i, yana da ɗaurin aure a Kazaure da safe.