Zuwa ga Kishiyata, Daga Ƙasar Masu Jego Babu Haihuwa

Hajiya Kaka, kishiyata,

Da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Zancen filin Kawu na ji, na auren Hadiza ma na ji, a ajiye su sai mun yi waya. Mu lafiya lau, aikin asibiti sai godiya, angonki ya fara gudu, ya iya cewa a'a da harshe biyu. Mai karanta miki ya ɗaga murya, don kunnen nan naki sai abin da ya ga dama yake ji, kuma yau labarin sana'arki na kawo.

Da na samu hutu maigidan ya yi hayar wata mota da suke kira RV. Gida ne sukutum aka ɗora wa taya, da gado da murhun gas da firji har da banɗaki. Muka bar Denba muka yi ta hawa duwatsun Kolorado, mota tana nishi, muka kwana a Leadville, tsohon garin masu haƙar azurfa, sama da mita 3,000 daga doron teku. A can ruwa tun yana wajen digiri 90 yake tafasa. Na ɗora wake, ya yi ta rawa a tukunya ya ƙi nuna. Ke da kike cika baki ba waken da ya taɓa gagararki, ga naki nan yana jira.

To, gyara zama. Kaka, mutanen ƙasar nan jego suke yi babu haihuwa!

A garin Glenwood Springs na gani da idona. Ruwa ne ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙasa da zafinsa, digiri 50, ba itace, ba garwa, ba yarinyar da aka tasa da asuba ta hura wuta. Ƙabilar Ute sun daɗe suna shiga kafin zuwan Turawa. A 1888 aka buɗe masa tafkin wanka, tsawonsa ya haura mita 120, ana surka ruwan yadda fata za ta ɗauka. Na leƙa, sai ga mutane reras, ruwa iya wuya, ido a lumshe. Na ce masha Allah, garin nan an sha haihuwa bana. Na waiga neman jarirai in yi barka, babu ko ɗaya. Ba suna, ba rago, ba ungozoma.

Kuma wai har da maza! Ga wani ƙato, gemu har ƙirji, hannu duk zane, ya ajiye babur ɗinsa a waje ya zo ya jiƙa kansa yana ajiyar zuciya, ka rantse tagwaye ya sauke daren jiya. Ga wani tsoho ya jingine sandarsa a baki, daga yadda fatarsa ta yi jawur na san ya yi arba'in uku a jere. Da Malam yana raye ya ga wannan, da ya nemi ki biya shi kuɗin itacen da ya saya miki haihuwa tara, ya ce ashe shi ma yana da haƙƙi a tukunyar.

Dokokin wurin kuwa, sai kin yi wanka kafin ki shiga wankan. Kin shiga, ba soso, ba sabulu, balle ganyen darbejiya. Zama kawai. Kin fito sai wani wankan, domin ruwan akwai farar wuta, warin ɓaragurbi yake yi. Wanka uku ke nan, ba wanda aka cuɗa baya. Yanzu riƙe carbinki da kyau: suna fitowa, maimakon kunun kanwa da gasasshen nama, sai askirim. Da jiƙaƙƙen kai, cikin iskar dutse! An ce da hunturu ma haka suke yi, ƙanƙara na zuba musu a ka. Na ce da kishiyata tana nan, da ta bi su da zani ɗaya bayan ɗaya tana salati.

Kuma biya suke, da dala. Ke kin ƙare ƙuruciyarki kina wanke matan unguwa a kan turmin atamfa da sabulu. Ki zo da ganyenki mu kafa rumfa a bakin tafkin nan. Duk ƙaton da kika fyaɗa wa ruwa a gadon baya ya ƙara dala goma, wanda ya yi ihu ya ƙara ashirin. Kafin shekara kin sayi RV taki, kin ɗauke min miji kun gudu.

Daga nan muka yi kudu zuwa Ouray, muka bi hanyar Silverton mai lanƙwasa, rami a gefe, wurare da yawa ba shinge, maigidan ya sauke duk addu'ar da ya haddace. A Pagosa Springs akwai idon ruwan da aka zura wa igiya ƙafa 1,002 a 2011, igiya ta ƙare ba a taɓo ƙasa ba.

Ni dai a Ouray na shiga ruwan, nasu ba ya wari. Na sa doguwar rigar wankana da sassafe na zauna. Da zafin ya ratsa min baya sai na tuna lokacin da na haifi angonki, ni kaɗai a banɗaki da butar lantarki, ba mai ce min ruwan bai yi zafi ba, ba mai yi min faɗa in shanye kunu. Sai hawaye. Wata Baturiya ta tambaye ni lafiya, na ce mata kakata gwanar wannan aiki ce, rabin unguwarmu ta hannunta suka miƙe. Ta ce a wane gari wurin naki yake, tana so ta je.

Saboda haka ki sa Kawu ya fara miki zancen fasfo. Ki tanadi kanwa ungurnu da yajin jego da busasshen ganye, don angonki ya kusa sauka daga baya, bayan Babbar Salla in sha Allahu. Kada ki gaya wa Inna, ni zan faɗa mata. Kai kuma mai karatu, na san ka, ka kama bakinka.

Taki har kullum,
Amaryar gidan