Ranar da Karen Jagora Zai Zo Wajen Lilo a Dutse

Akwai wani abin kunya da ke jiranmu a Dutse, ni kuwa har na fara sunkuyar da kai tun bai auku ba. Ranar Sallah ce, Sarki ya sauka daga hawa an koma fada a Garu, yara sun cika A Daidaita Sahu ana rububin zuwa wajen lilo. Sai ga wani bawan Allah mai lalurar gani ya iso ƙofar wurin wasa cikin shadda mai maiƙo, iyalinsa na biye, hannunsa na hagu riƙe da mariƙin ɗamarar wani kare da ya fi kowa a layin natsuwa. Ba na shakkar zuwan wannan rana. Garin da ya zama babban birnin jiha tun 1991, ya samu jami'ar tarayya a 2011, 'ya'yansa na fita karatu ƙasashen waje, ba zai rasa mai dawowa da irin wannan kare ba. Za mu kwafsa a ranar, kuma za mu ɗora wa karen laifi, alhali kwafsawar daga wani wuri take: ba mu taɓa kawowa a ranmu cewa makaho zai zo wuri da kuɗinsa don ya ji daɗi ba.

Ga yadda za a yi, don na san halinmu. Mutumin zai zaro 'yan dubu-dubu biyar ya miƙa ta tagar mai sayar da tikiti. Ɗan saurayin da ke tagar zai ɗaga kai ya ga baƙin tabarau, ya ga hannu a miƙe, sai tarbiyyar gida ta motsa. Zai lalubi aljihun gaba, ya ciro tsohuwar hamsin ta leda, ya ɗora a kan kuɗin mutumin, ya ce, "Ga wannan ba yawa, Baba. A ɗan matsa gefe, masu saye na jira." To, a tsaya a nan. A dubi hannun nan da kyau: dubu biyar sababbi fil a ƙasa, hamsin mai maiƙon ƙosai a sama. A dubi uwargida, wadda tun hantsi take kafa ɗauri, yanzu tana neman inda za ta ajiye fuskarta. A dubi autan gidan, wanda zai buɗe murya yadda duk layin zai ji ya ce, "Abba, kai ma an ba ka barka da Sallah?" A mayar da abin baya a sake kallo: hannu ya miƙe, ido ya sauka kan tabarau, hamsin ta fito. Ta duk inda aka juya shi, yaron tagar bai ga dubu biyar ɗin ba, domin idonsa bai saba ganin kuɗi na fitowa daga wannan hannu ba. Sai bayan an gama wannan ta'asa ne mai gadi zai leƙa ƙasa, ya rafka salati, ya haye benci. A lura da jerin: an gama wulaƙanta mutumin da kyakkyawar niyya kafin a ga karen.

Shi karen nan da mai gadi ya hau benci dominsa, ɗan boko ne. A birnin Oldenburg na Jamus aka buɗe makarantar horar da karnukan jagora a 1916, saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amurka ta kafa tata, The Seeing Eye, a 1929, Afirka ta Kudu kuma ta kafa ƙungiyarta a 1953. Kafin a damƙa wa makaho kare, sai ya kusa shekara biyu ana rainonsa ana koya masa aiki: ya tsaya a bakin kwalta, ya kauce wa kwata, ya lura da reshen da shi zai wuce ta ƙarƙashinsa amma zai doki goshin ubangidansa. Zai ratsa ta gaban mai tsire bai waiwaya ba, abin da ni da ku ba mu iyawa. Babban darasinsa kuwa shi ne ƙin bin umarni: in ubangidan ya ce a tsallaka alhali mota na tafe, karen zai kafe ya ƙi motsi. 'Yan rakiyar manya nawa muke da su masu wannan ilimi?

A manyan wuraren wasa na duniya an daɗe da wuce wannan gardama. Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 ta ba irin wannan kare damar shiga duk inda jama'a ke shiga, kuma tambaya biyu kacal ma'aikaci ke da ikon yi: lalura ce ta sa ake tafe da karen, kuma wane aiki aka koya masa? Ba a neman takarda, amma in ya yi rashin ji ubangidansa ya kasa tsawata masa, ana iya fitar da shi. A Disneyland ta Kalifoniya da aka buɗe a 1955, da Walt Disney World ta Fulorida ta 1971, an keɓe wuraren da karen zai kama ruwa. Lilon da ke cilla mutum sama ya juya shi ba a hawa da kare. Ko wani cikin iyali ya riƙe shi a yi karɓa-karɓa, ko a sa shi a keji har ubangidan ya sauko. Jarin ke nan gaba ɗaya: keji, kwanon ruwa, ɗan fili, da mai gadin da aka yi wa bayani. Kejin ma mai walda zai haɗa shi kafin La'asar.

Za a ce ai masu waɗannan wurare ba Musulmi ba ne, mu kuwa kare najasa ne a wurinmu. Wannan magana ta fi yawa a bakin waɗanda ba su zauna zauren malam ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai tsarkakke ne har da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne na ibada. Suratul Ma'ida ta halatta naman da horarren kare ya kamo, hadisi kuma ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona daga hanin ajiye kare. Malamai na ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risalar nan da ake biyawa a zaurukanmu, ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Imam Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. A 2008 ma, malaman shari'a a Ingila sun ba da fatawar da ta sa wani masallaci a Lesta ya yi wa karen wani matashi makaho makwanci a bakin shiga, yana jira har a idar da salla. In an samar wa kare wuri a ƙofar masallaci, ban ga tsarkin da lilo ke da shi ba.

Za a ce cizo fa, da haukan kare, da cunkoson yara? Wannan tsoro yana da tushe, amma maganinsa allurar rigakafi da ɗamara da hana yara tsokana, kuma karnukan 'yan farauta da ke ratsa unguwanninmu ba wanda ya taɓa tambayarsu kati. Za a ce zafin Afrilu zai ƙone masa tafin ƙafa, abincinsa kuma ya fi ƙarfin talaka. Na yarda, ba kowa zai iya riƙe shi ba, kuma farar sanda ta wadatar da mutane da yawa. Amma masu cewa muna da ɗan jagora, su tuna ɗan jagora yaro ne da ya kamata a ce yana aji. Jigawa ta yi suna a 2007 lokacin da gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu lalura naira 7,000 duk wata, abin a yaba ne. Dokar tarayya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna musu wariya, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, miliyan ɗaya ga kamfani, wa'adin shekara biyar na gyara gine-gine kuma ya cika a 2024. Wajen bayarwa mun ƙware. Karɓar kuɗin makaho a miƙa masa tikiti da canjinsa, nan ne karatun ya tsaya.

Abin da na fi ɗoki a ranar shi ne masu ba da shawara, don kafin mai gadi ya sauko daga benci sun yi da'ira. Na farko zai ce a yankar wa karen tikitin yara, tunda bai kai shekara goma ba. Na biyu zai ce a ɗaure shi a gindin darbejiya, a nemo wa Alhaji almajiri ya kama masa hannu. Wani dattijo mai carbi zai ce a wanke ƙofar sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ya kuma tsaya ya ga an yi. Mai sayar da dabino zai rantse ƙanin matarsa na da wani rago mai hankali da ya san hanyar kasuwar Shuwarin shi kaɗai, a gwada shi mana. Wannan ma bai yi nisa da gaskiya ba, don ƙa'idojin Amurka na 2010 sun amince da gajeren doki a matsayin jagora, ko da yake a Dutse ranar Sallah za a ɗauka ɗan Sarki ne ya ɓace daga hawa. Daga ƙarshe wani mai babbar riga, wanda tun ɗazu yake shafa gemu yana nazari, zai matso ya dafa kafaɗar mutumin cikin tausayi ya ce, "Alhaji, abin ai mai sauƙi ne. Ka bar karen ya shiga da yaran, kai ka jira a waje, tunda shi ne mai gani."