Allo Ya Yi Baƙi, Gwani Ya Yi Tsit

Gwanin Linux akwai cika baki, har ranar da zai girka wa laftof direban katin hoton Nvidia. Ya sake kunnawa, allo ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan ɗigo a kusurwa yana ƙifta masa ido. Nan za ka ga malam ya danna Ctrl+Alt+F3, yana gumi, yana laluben mafita a wayar ƙaninsa. Galibi Secure Boot ne ya tare direban don babu sa hannu, ko wani direban, nouveau, ya riƙe kujera ya ƙi tashi. Linus Torvalds kansa, wanda ya ƙirƙiri Linux, a Finland a 2012, sai da ya yi wa Nvidia daƙuwar Turawa, mai yatsa ɗaya, a bainar jama'a. Balle kai, ɗan'uwa. Kafin ka girka direba, kwashe fayilolinka tukuna.